Gayya a Kwarin Giyayya

Gara in faɗa da bakina tun daga nan, kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Mutanen garinmu sun ba da gudummawa gwargwadon ƙarfinsu, Allah ya saka musu, amma jagorancin nawa ne ni kaɗai. Kuma kada a ɗauka ƙaramin wawa ne. Wawa ne mai ilimi, don na yi aji uku cif a elementare, ina rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba, kuma har gobe in aka tsare ni zan jero muku watannin Bature, sai dai in ɗan yi tuntuɓe a tsakiya.

Ina aji ukun nan Baba ya rasu. Dangi suka zauna suka duba, suka ga ni ne babba, ga gona, ga Inna, sai aka karɓi allon makaranta aka miƙa mini fartanya. Ƙanena, wanda kowa ke kira Auta, lokacin yana yawo ba wando. Shi ya gaji karatun da na bari, ya kuma yi masa riƙon da ni ban yi ba. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya sami shiga makarantar kwana a Birnin Kudu, ni na ɗaura masa akwati a bayan keke na kai shi. Daga nan sai jami'a. Daga jami'a sai muka ji wai an ɗauke shi aiki can ƙarshen ƙasa, inda tudu ya ƙare teku ta fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. In ka tambayi ƙafa za ta ce maka ya fi kusa da Gwaram, in ka tambayi bakin mutanenmu za su ce 'yan Birnin Kudu ne su. A ƙasan gonarmu ta gado akwai wani kwari da ba wanda ya taɓa nomawa tun zamanin kakanni. Ruwan damina kan kwanta a ciki ya ƙi tafiya, har rani ya yi nisa yana nan, baƙi wuluk, da bado da kainuwa a samansa. Ciyawar kachala ta kewaye shi ta fi mutum tsayi. A tsakiya kuma ga wasu tsofaffin itatuwan giyayya, waɗanda rabin shekara ƙafarsu na cikin ruwa kuma ba su taɓa yin ƙorafi ba. Akwai guza, akwai matsattsaku, akwai macizai, akwai kwaɗin da in suka fara taronsu da almuru sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kirinjijiya da zalɓe da balbela kuwa nan ne unguwarsu. Mu dai a wurinmu ɓataccen wuri ne, inda akuya kan shiga ba ta fito ba.

Da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa, garinmu ya zube kamar buhun da ɓera ya huda. Sa'o'ina duk suka tafi, wannan Kano gadi, wancan Legas dako, wani ya bi masu yin titi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dandalin da muke hira bayan la'asar ya koma ni da tsofaffi masu gyangyaɗi. Matata ta riga ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, ban kuwa sake aure ba sai can daga baya. Gidan da Baba ya gina don mutane da yawa ya rage ni da Inna. Idonta ya fara dushewa, amma tana kaɗi, don hannu ya san hanyarsa. Ni in ci tuwo a zaure, ita ta ci a ƙofar ɗakinta, sai ƙarar mazari kawai tsakaninmu. Wani lokaci nakan yi tari da gangan don in ji ta ce sannu.

Abokin maganata ɗaya ne, ɗan gwaggona, taubashina, wanda rabin shekara masunci ne, rabin shekara kuma mai ba da shawarar da ba a nema ba. Shi ya laƙaba mini Hedimasta saboda aji ukun nan. Ni kuma ina ce masa bawana, kamar yadda al'ada ta ba ni dama.

Wata Babbar Sallah Auta ya zo gida. Ya rame, ya yi baƙi, ga tabon cizon sauro har wuya. Na zaunar da shi a zaure na yi masa tambayar da gari duka ya aiko ni da ita.

"To Auta, yanzu kai mene ne a gwamnati? Joji ne ko Di'o?"

"Bincike nake yi, Yaya."

"Ɗan sanda ke nan."

"A'a. Laka nake bincikawa, da itatuwan da ke cikinta."

Na dube shi in ga ko wasa yake yi. Ba ya wasa. Ya ce a can bakin teku akwai wani daji da ke tsaye cikin ruwan gishiri, itatuwansa a kan saiwoyi dogaye kamar mutum ya tattare wando zai haye rafi. Ruwa ya shigo ya rufe su, ya janye ya bar su cikin taɓo, kullum haka. A ƙarƙashinsu kifi ke haihuwa, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada teku ta cinye garuruwan mutane. Aikinsa shi ne ya shiga kwalekwale da asuba, ya sauka cikin taɓo har cinya, ya auna kaurin itace, ya ɗebi laka a kwalba, ya ga wanne ke girma wanne ke mutuwa. Ya ce tun da aka fara haƙar mai, wani wurin sai ka tarar da ruwa yana ƙyalli, ganye ya zube, daji guda ya mutu a tsaye.

"Kuma biyan ka ake yi?"

"Ana biya."

"Ka shiga taɓo a biya ka. Ni da nake shiga kyauta tun kana goye, ashe gwamnati na riƙe da hakkina."

Ya yi dariya irin ta Baba, wadda kafaɗa ke yi ba baki ba. Rabon da in ji dariya a zauren nan har na manta.

Kashegarin Sallah, maimakon ya bi ni gaishe-gaishe, sai ya zaro wani takalmin roba mai kaiwa gwiwa ya nufi kwari. Na bi shi don kada a ce na bar ɗan boko ga macizai. Ya kutsa cikin kachala kamar mai shiga ɗakinsa. Ya tsaya a gindin giyayya ya daɗe yana shafa wurin da ruwa ya yi mata zane. Ya tsuguna ya cusa hannu cikin laka ya ɗebo ya sansana. Wata tsuntsuwa ta tashi, ya bi ta da ido har ta ɓace, bakinsa a buɗe. Ni ina kan tudu ina korar ƙuda ina yi masa nasiha a kan matsattsaku.

Da ya fito, laka har gira, ya ce, "Yaya, ka san abin da kake da shi a nan kuwa?"

"Na sani mana. Asara."

"Irin wannan wuri ya kusa ƙarewa a ƙasar nan. Duk inda na bi a hanya an nome, an sa injin ban ruwa. Wannan kuwa yana nan yadda Allah ya ajiye shi. Ba wanda ya taɓa rubuta yadda giyayya ke rayuwa cikin ruwa, da yadda kwari irin wannan ke riƙe ruwa har rani. In na kwatanta shi da dajinmu na can, aiki ne babba."

Sai ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce zai roƙi wurin aikinsu su turo shi gida ya yi nazarin kwarin nan, aikin da zai ɗauki shekaru. Zai zauna a ɗakin Baba. Amma sai babbansu ya zo ya gani da idonsa ya amince, kuma zai kawo shi bayan damina mai zuwa, in an gama girbi.

Bai ce mini kada in taɓa wurin ba. Na sha juya wannan a raina, ina neman inda zan rataya masa laifi. Amma wa zai gargaɗi mutum a kan abin da ba mai hankalin da ya taɓa yi tun kafuwar gari?

Ya tafi, ni kuma na shiga shekara mafi tsawo a rayuwata. Na yi wa ɗakin Baba sabon yaɓe da daɓe. Na sa aka ɗinka katifar rimi. Da damina in ina noma ni kaɗai a gona, sai in kama kaina ina yi wa Auta magana a fili, ina ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ina amsa wa kaina da muryarsa. Har gardama mun yi sau da yawa, kuma duk ni na ci. Inna ta ce ta ji ina hira a bayan gida, da wa? Na ce da jaki.

Da aka fara yankan gero, wani direban babbar mota da ke bi ta Birnin Kudu ya kawo saƙo cewa su Auta suna nan tafe bayan an kai amfani gida. Ran nan na sauka kwari na tsaya inda na tsaya a da, na dube shi da idon baƙo. Babban mutum, shugaban masu ilimi, zai taso tun daga bakin teku, ya kwana a hanya, a kawo shi nan a nuna masa me? Wannan ƙazanta? Ruwa na wari, sauro kamar hayaƙi, ba ko hanyar da mutum zai sa ƙafa. A garinmu in hakimi zai zo, tun ana sauran kwanaki ake share hanya, a cire kowace ciyawa, a yayyafa ruwa. Ko baƙon kwana ɗaya ba a shimfiɗa masa tabarma a kan shara. Na ce a raina mutumin nan zai kalli wurin, ya kalli Auta, ya ce ashe daga gidan ƙazamai ka fito, ya juya motarsa. Shi ke nan in koma hira da jaki.

Na kuma san yadda wurin gwamnati yake, don ni ba baƙauye ba ne irin sauran. Na ga babban asibitin Birnin Kudu, na ga gidan saukar baƙi na gwamnati. Fili ne fetal, an share, hanya a miƙe, duwatsu a jere hagu da dama an shafa musu farar ƙasa. Ilimi ba ya zama sai inda aka yi wa duwatsu fari. Wannan na fahimce shi tun ina aji biyu.

Na kira taubashina na gaya masa zan yi gayya.

"Gayyar me, Hedimasta? An gama girbi."

"Gayyar kwari. Za a gyara shi."

"Wa ya ce maka ya lalace?"

"Kai bawana, wannan magana ce ta masu karatu. Kai dai ka zo da homa da gora, kifin da ke ciki naka ne."

Da ya ji kifi sai ya ga hikimar abin nan take, har ya ce shi ma ya daɗe yana wannan tunani.

Samarin garinmu sun yi ƙaranci, don haka na aika har wajen Wurno da Unguwar 'Ya inda muke da dangi. Na yanka bunsuru. Matan maƙwabta suka dama fura suka tuƙa tuwo. Na ɗauko mai gangar noma, wani tsoho da ya yi shekaru ba a neme shi ba, ya zo yana share hawayen murna. Ranar gayya, wallahi, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma har yau in na tuna sai ƙirjina ya buɗe kafin ya tsuke. Masu lauje da adda suka shiga kachala a jere, ganga na bin su, tana faɗuwa kamar ana aske kai. Masu gatari suka nufi giyayyu. Itacen ya yi taurin kai, amma samari suna jin ana kiran sunan kakanninsu a ganga, ina zai kai? Ni da kaina na ja layi da igiya, aka haƙa magudana daga bakin kwari zuwa rafin da ke gangarawa kogi. Da aka fasa bakin ƙarshe, ruwan nan baƙi ya kama hanya yana gudu, yara na bin sa da ihu.

Abin da ya rage a taɓo kuwa, ranar kowa ya ci. Tarwaɗa, gaiwa, karfasa, har da kunkuru. Taubashina ya cika gora ya cika buhu ya cire riga ya ƙulla. Aka kashe guza, aka kashe macizan da ba su gudu ba. Tsuntsaye suka tashi suka yi ta kewaya sama suna kuka, har yamma ba su sauka ba, daga baya suka miƙe gabas. Da kachalar ta bushe muka sa mata wuta.

Sauran aikin ni kaɗai na yi shi, cikin natsuwa, kamar mai yi wa amarya jere. Na baje toka. Na fitar da hanya tun daga ƙofar gida har tsakiyar kwari. Na kwaso duwatsu a kan jaki, na jera, na shafa musu farar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na kafa rumfa. Kututturan giyayya kuma na kai wa masassaƙi ya fafe mini benci biyu masu kyau, don masu bincike su sami wurin zama in sun gaji da bincike. Dattawan gari suka zo suka gani suka sa albarka. Liman ya ce bai taɓa sanin wurin yana da faɗi haka ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Da almuru gari ya yi tsit. Tun ina yaro ban san magariba ba tare da kwaɗi ba, yanzu kuwa sai in ji numfashin jaki daga turke. Inna ta ce, "Kunnena ne ya tafi shi ma, ko kuwa?" Na ce mata ci gaba ne ya zo. Amma ni kaina na rasa inda zan sa kaina a wannan shirun, sai in je in zauna a kan benci ɗaya in kalli ɗayan.

Suka iso da hantsi a cikin Landiroba mai laka har gilashi. Na sa rigata ta Sallah da hula. Babban nasu wani gajeren dattijo ne ɗan can bakin teku, mai furfura a gemu da 'yar Hausar kasuwa. Ya durƙusa ya gaida Inna, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Ko fura bai gama sha ba ya zura dogon takalminsa, ya rataya madubin kallon nesa a wuya, ya ce a tafi. Auta sai murmushi yake yi, yana gaya masa abubuwa da Turanci, yana nuna tsayin kachala da hannu sama da kansa.

Na wuce gaba. Muka hau hanyar fararen duwatsu, ina tafiya a hankali don su sami damar yabawa. Na ji maganar Auta tana raguwa a bayana, har ta ɗauke. Da muka kai rumfa na juya na buɗe hannuwa na ce, "Bismilla."

Fili ne fes, ƙasa ta bushe ta tsattsage, rana na dukan ta. Ba sauro ko ɗaya. Dattijon ya duba gabas ya duba yamma, ya ɗaga madubinsa ya sauke. Ya yi wa Auta wata gajeriyar tambaya, a ciki na tsinci kalma ɗaya da na sani tun elementare, wadda ke nufin "ina". Auta ya taka zuwa inda kututture ya rage a ƙasa, ya tsaya a kansa. Sannan ya dawo rumfa ya zauna a benci, ya shafa shi da tafin hannu, ya sake shafawa, ya sunkuya ya duba ƙwayar itacen.

"Yaya," ya ce, "wannan ita ce?"

"Ita ce. Ka ji santsi? Ba ƙusa ko ɗaya a jiki."

Da ya ɗago sai ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. An sha wahala." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dattijon mutumin kirki ne. Ya zauna a ɗaya bencin ya tambaye ni, da Hausarsa mai ɗingishi, mutum nawa suka yi aikin, da yadda muka fitar da ruwan. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da igiya. Ya gyaɗa kai ya ce magudanar ta yi kyau ƙwarai, ko injiniya sai haka. Sannan ya cire takalminsa na roba, wanda ko jiƙewa bai yi ba, ya riƙe a hannu muka koma gida.

Da yamma Auta ya yi mini bayani a zaure, a hankali, kamar yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Abin da suka zo gani shi ne wurin da hannu bai taɓa ba. Ƙazantar ita ce aikin. Sauron da warin da matsattsakun, da ruwan da ya ƙi tafiya, su ya rubuta wa wurin aikinsu, a kansu aka ba shi mota da izinin tahowa. Yanzu ba abin da babbansu zai amince da shi.

"To a nemi wani kwarin mana," na ce. "Ƙasar Gwaram kwari ne da ita kamar me."

"Mun duba a hanya. Duk an sa musu tumatir da albasa."

Kashegari da sassafe na ɗauki fartanya da ƙwarya na fita ba wanda ya gani. Na toshe bakin magudana da ƙasa na tattake. Na wuce kududdufin bayan gari, na tattare riga, na shiga kamun kwaɗi, ni da girmana da aji ukuna. Na cika ƙwarya na rufe da faifai na kawo tsakiyar kwari na juye. Suka tsaya suna kallona, ni ma ina kallon su. Sai babban cikinsu ya juya ya kama tsalle ya nufi inda aka ɗebo shi, sauran suka bi shi a jere ta kan hanyar fararen duwatsu.

A haka Auta ya same ni. Ya dubi ƙwarya, ya dubi kwaɗin da ke tafiya, kafaɗarsa ta fara rawa, amma da na duba fuskarsa ba dariya yake yi ba. Ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ruwa zai dawo da damina, tunda ka toshe," ya ce. "Kachala ma za ta dawo, ita ba ta da zuciya. Kwaɗi za su zo da kansu."

"To ka gani! Sai ka zauna ka jira su. Ɗaki na nan, na yi daɓe."

"Giyayyar ce, Yaya. Waɗanda aka sare sun girmi Baba. Sai dai jikoki."

"Ka zauna ka rubuta yadda take tsirowa. Ba shi ma bincike ba ne?"

Har na fara sa rai. Sannan ya ce ba a ba da izini a kan abin da babu. Ya ce kuma kafin su taso ɗanyen mai ya zuba a wani rafi can wurinsu, itatuwa na mutuwa, ana jiran su je su auna ɓarnar tun kafin ruwa ya wanke shaida. Da ma don kwarin nan ne aka sake shi.

Na raka su har Birnin Kudu, ina zaune a bayan mota tare da kwalaben da suka zo da su, duk ba komai a ciki, suna ta ƙara a kan gargada. A bakin tasha Auta ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Sai Sallah." Bai ce wacce ba, ni ma ban tambaya ba. A can bakin tekun ya yi aure, a can ya haifi 'ya'yansa, waɗanda ke gaishe ni da Hausar da ta fi ta dattijon nan ɗingishi. Ya zama babba a aikinsa, an ce har ƙasashen waje ake kiran sa ya yi magana a kan laka. Yakan zo, ya kwana biyu, ya koma. Ɗakin Baba kuwa a ƙarshe gero na zuba a ciki.

Ranar rakiyar dai ban sami motar komawa da wuri ba, sai da la'asar sakaliya na iso gida. Inna na ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ba ta tambaye ni komai ba, shi ya sa na ga ya kamata in yi jawabi. Na tsaya a tsakar gida na ce boko in ya yi yawa yakan juya wa mutum ƙwaƙwalwa. Na ce a duniya kaf ban taɓa jin inda aka yi wa baƙo gyara ya yi fushi ba sai a kan 'yan kimiyya. Na ce mutum ya bar tsabta ya tafi neman taɓo, wannan sai addu'a. Na kawo maganar bunsuruna, da gangar noma, da duwatsun da na shafa har farar ƙasa ta cinye mini yatsu.

"Inna, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah," na ce. "Akwai wanda ya taɓa yi wa ɗan'uwansa shara irin wadda na yi wa yaron nan?"

Ba ta ko tsayar da mazarinta ba.

"Babu," ta ce. "Ka iya shara. Har shi ka haɗa."